Ƙafar Adda a Kan Zanena

Ranar wata Litinin ce a ƙarshen daminar 1993, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke bakin ruwa, can ƙasa da Wara. An yi ruwa da asuba, rufin kwanon ajinmu yana ta ɗiga a kusurwar da muke jingine tsintsiya, ƙafafunmu duk sun yi fari da busasshiyar laka. Malamarmu ta Turanci, wata 'yar bautar ƙasa daga kudu wadda kowa ke kira Kofa, ta shigo da alli a hannu ta rubuta kalmomi biyu a allo da manyan baƙaƙe: "look after". Ta juyo ta dube mu, mu ma muka zuba mata ido. Hausarta ba ta wuce ta cinikin kifi ba, Turancinmu kuma bai wuce na gaisuwar safe ba, saboda haka yawancin darasinta da hannu da ƙafa take yin sa. Ta leƙa ta taga ta nuna mana wata kaza da ke tono a gindin dogonyaro da 'yan tsakinta, ta buɗe hannuwa kamar fukafukai. Ta nuna wani Bafulatani da ke kora shanu zuwa mashaya. Daga nan ta ɗora jakarta a baya, ta ranƙwafa tana jijjiga ta kamar mai goyo.

Aji ya kaure. Wasu na cewa kiwo ne, wasu na cewa reno, wani daga baya ya ce gadi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk wanda ya faɗi nasa sai Kofa ta gyaɗa kai. A gidanmu kiwo na awaki ne, reno na jariri, jinya ta mara lafiya, jira kuma na shanya. Ban taɓa tunanin za a iya zuba su duka a ƙwarya ɗaya ba. Dije, wadda muke zama benci ɗaya, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Kin ji, ashe Turawa kiwon ɗiyansu suke yi kamar tumaki." Na danne dariya da gefen ɗankwalina.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kofa ta fara bin layi tana tambayar kowa, "Who looks after you?" Ta koya wa na farko amsa, sauran suka kama, kowa ya miƙe ya rera ya zauna: "My mother looks after me." Amsar tana matsowa benci bayan benci. Dije ta faɗi tata da ƙarfi. Da aka zo kaina na miƙe, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ba kalmomin ne suka gagare ni ba, don na riga na haddace su tun daga layin farko. Ban dai san ko gaskiya ba ne a bakina. Na tsaya ina kallon wata tururuwa da ke bin tsagar benci, har hawaye ya ɗigo a kan littafina. Kofa ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta dafa kafaɗata ta zaunar da ni. Ta nuna mini da yatsa cewa Litinin mai zuwa za ta sake tambayata.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. A wajenmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Kunya ce, haka aka tarar. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, wadda ke zaune a ɗaya daga cikin ɗakunan siminti da gwamnati ta gina wa mutanenmu lokacin da ruwan dam ya cinye tsohon gari. A can nake kwana, a can akwatin kayana yake. Kaka ce ke kirana Kulu, ita ke cuɗa mini baya, ita ke tsefe mini kai tana mitar cewa gashina ya fi igiyar taru tauri. Mahaifiyata kuwa ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannen babana suna kiranta, alhali ƙannena da suka biyo ni suna ta Inna, Inna, suna hawa cinyarta. In tana son aikena sai ta fuskanci bango ko tukunya ta ce, "Ke, miƙo ludayi." In kuma zancena ya kama a gaban baƙi, sai ta ce ɗiyar tsohuwa.

Duk wannan na san shi, kuma bai taɓa damuna ba, kamar yadda warin hayaƙin banda da ke jikin tufafinmu bai taɓa damuna ba. Ba ni kaɗai ba ce 'yar fari a garin. Sauran 'yan farin ajinmu sun rera amsar Kofa ba tare da sun ko ƙifta ido ba. Amma ni yarinya ce mai riƙe magana a ciki tana juya ta, kuma tambayar ta shige ni kamar ƙayar kifi. Shin Adda tana kula da ni tana ɓoyewa ne, ko kuwa babu abin da ake ɓoyewar? Wannan nake so in sani kafin Litinin.

Makon nan duka na yi shi ina gwada kalmomin a kan duk abin da na gani. In an taso daga makaranta aikina shi ne jiran warangi, ƙananan kifin nan da ake bazawa a kan tabarmi su bushe. Ina zaune da tsumagiya ina korar kaji da shirwa, ina ce wa kaina a hankali, ashe ni ma ina yi wa warangi abin da Kofa ta faɗa. Babana yana gindin tsamiya yana ɗinke taru, yana bin kowace huda da yatsa, na ce shi ma yana yi wa tarunsa. Maƙwabcinmu yana yi wa fadamar albasarsa. Wannan duk ya zauna daidai. Da na juyo kan Adda sai lissafin ya rikice. Ita ke dafa tuwon da nake ci, amma ai tuwon gida ne, har baƙon da ya sauka yana ci. Ita ke wanke kayan makarantata, amma a cikin tulin wankin kowa. Na lura malmalata takan zo da kan tarwaɗa, wanda nake so, sai dai Kaka ce ke miƙo mini kwanon, ban san hannun wa ya zaɓa ba. Na yi ta leƙen fuskarta ta cikin hayaƙi ko zan kama ta tana kallona. Ko sau ɗaya ban kama ta ba.

Da abin ya ishe ni na tambayi Kaka, tana zaune tana tsince tsakuwa a shinkafa. Na ce, "Kaka, wa ke kula da ni?" Ta ɗago ta dube ni ta ƙasan ido. "Allah na, mana. Sai ni da kika hana ma barci da shure-shure. Mi ya kawo wagga tambaya? Yunwa kike ji?" Na ce a'a. Ta ce to in matsa mata daga haske.

Ranar Laraba da la'asar sai ga Kofa a gidanmu. Ta saba zuwa sayen kifi, amma ran nan ta zo da sabulu mai ƙamshi da biskit a leda, ta damƙa mini. Ashe hawayen da na yi a aji ya sa ta ɗauka marainiya ce ni. Matan gida suna tsakar gida, Adda tana gaban banda tana juya kifi, Kaka tana kan tabarmarta. Kofa ta riƙe kafaɗata ta dubi Adda, don ita ta saba ba ta kifi, ta ce da Hausarta, "Mama, wannan yarinya, na wane ne?"

Adda ba ta juyo ba. "Ɗiyar tsohuwa ta," in ji ta.

Kofa ta girgiza kai cikin tausayi. "Mama nata ya mutu?"

Matan suka fashe da dariya. Wata tana salati, wata tana tafa hannu. Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Adda ta ajiye kifin da ke hannunta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki da sauri kamar wadda aka kama da laifi. Kaka ta nuna labulen da ke kaɗawa ta ce, "Ga ta can da ranta, Malama. Ke dai kin kore ta."

Kofa ta dubi labulen, ta dube ni, ta dubi matan da ke dariya. Ta ɗaga murya wajen ɗakin tana yabona, rabi da Turanci rabi da Hausa, wai ina da ƙoƙari, wai rubutuna mai kyau ne. Ta jira. Ni ma na jira. Babu abin da ya fito daga ɗakin sai kukan jaririyar ƙanwata. Na ga ran Kofa ya ɓaci. Ta tafi ba ta ko sayi kifin ba. Sau da yawa na ji Adda tana ce mini ɗiyar tsohuwa, amma ban taɓa jin ta da kunnen baƙuwa ba sai ran nan. Na raba wa ƙannena biskit ɗin, ni ban iya ci ba.

Ranar Asabar aka yi sunan jaririn wata gwaggona a wani tungan masunta da ke ƙetaren ruwa. Kaka ba ta je ba saboda ciwon gwiwa, kuma wannan ne karo na farko da zan shiga jirgi ba tare da ita ba. Ta dogara sanda ta rako mu har bakin ruwa, ta ce wa matan gaba ɗaya, ba ta kama sunan kowa ba, "Ku lura mini da ɗiyata." Suka amsa. Adda tana gyara goyo, ko kai ba ta ɗaga ba.

Zuwa lafiya lau muka je. Aka ci shinkafa, aka yi guɗa, mu yara muka yi gaɗa a bayan rumfuna har ƙura ta rufe mu. A hanyar dawowa ne, bayan la'asar, abin ya faru. Jirgin katako ne dogo mai ƙaramin inji, cike da mata da kwanuka da buhun gawayi. Ni na samu wuri a gefe, inda nake son zama don in riƙa jan yatsuna a cikin ruwa ina taɓa kainuwa. Adda tana kan katakon da ke kusa da ni, amma ta ba ni baya, ta kwance goyo ta ɗora jaririyar a cinya, tana hira da wata mata a kan tsadar itacen banda. Mun kai tsakiya, inda ba a ganin komai sai kawunan matattun itatuwan da ruwa ya cinye, sai gabas ta yi baƙi. Iska ta taso. Ruwan da yake kwance kamar faranti ya fara tashi yana dukan cikin jirgi. Mai jirgi ya yi tsawa kowa ya zauna inda yake. Igiyar ruwa ta farko ta fantsamo ta jiƙa mu, ta biyu ta zubo ciki sosai. Mata suka ɗauki salati, wasu suka kama kwashe ruwa da ƙorai da kwanukan suna.

Tsoro ya kama ni. Na hango matar kawuna a tsakiyar jirgi, na yunƙura zan rarrafa wajenta, sai na ji an riƙe ni daga ƙasa. Na sake yunƙurawa, zanena ya ƙi. Na ɗauka ƙusa ce ta kama shi. Da na sunkuya don in cire, sai na ga ƙafa. Na san ta sarai: faso a dunduniya, tsohon lalle da ya koɗe a farce, da tabon ƙunar garwashi kusa da idon sawu. Ƙafar Adda ce, ta take gefen zanena ta danne shi da katako, yatsunta a ƙanƙame har jijiyoyin sun fito. Na ɗaga kai. Bayanta kawai na gani. Ta duƙa a kan jaririyar tana kare ta daga ruwa, bakinta yana motsi da addu'a, fuskarta tana wancan gefen. Na ja zanen a hankali don in gwada. Ƙafar ta ƙara dannewa.

Na koma na zauna. Jirgi yana hawa yana sauka, ruwa yana dukan fuskata, ni kuwa idona yana kan ƙafar nan. Ban san me ya kamata in ji ba. Wata zuciyar ta ce mini ai tsautsayi ne, tana neman wurin dogara ƙafa ne ta samu zanena. Wata ta ce to me ya sa ta ƙara dannewa? A haka har iskar ta wuce, mai jirgi ya karkata da mu ta bayan wani tsibiri, muka lallaɓa zuwa gaɓa ana ta hamdala.

Sai da gaban jirgi ya taɓa yashi sa'an nan ta ɗage ƙafar. Ta miƙe, ta saɓa goyo, ta sauka tana ɗingishi. Wata ta ce, "Adda, mi ya samu ƙafar?" Ta ce, "Zama na, ta yi sanyi." Ta wuce ba ta waiwayo ba. Ni kuwa na tsaya ina duba zanena. Ya jiƙe sharkaf tun daga ƙugu har ƙasa, in ban da wuri ɗaya a gefe. A nan akwai busasshen sawu, da dunduniya da yatsu, shuɗin atamfar yana nan da haskensa. Na tsaya ina tunani. In da sai da iska ta taso ta taka, da wurin ya riga ya jiƙe. Ke nan tun muna barin gaɓa, tun ruwa yana kwance, tun tana hirar itace, ƙafar tana wurin. Na riƙe gefen zanen a hannu har gida, ina tafe ina kallonsa, har damshin da ke kewaye ya bi ya cinye shi.

Ban faɗa wa kowa ba, har Kaka. Washegari Adda ta fuskanci tukunya ta ce, "Ke, ɗebo ruwa," kamar kullum, na ɗauki tulu na tafi.

Litinin ta zo. Kofa ba ta manta ba. Bayan ta gama kiran suna ta tako har bencinmu, ta sassauta murya ta ce, "Hauwa'u, who looks after you?" Na miƙe. Yanzu ina da amsar da na yi mako ina nema, tana nan a kan harshena, kuma na san gaskiya ce. Amma da na dubi ajin sai na ga idanu. Na ga Dije, wadda ba ta iya kwana da magana, na san kafin azahar labari ya kai bakin ruwa cewa ɗiyar tsohuwa ta tashi a gaban aji ta yi shelar uwarta da Turanci. Na tuna yadda Adda ta ja mayafi ta shige ɗaki. Sauran yara sun faɗi jimlar nan ba komai, don a bakinsu karatu ce kawai. A bakina kuwa ta zama tonon asiri. Abin da matar nan ta ɓoye a ƙasan jirgi, ni ce zan ɗaga shi sama kowa ya gani?

Na ce, "My grandmother looks after me."

Kofa ta dube ni. Na ga tausayin nan ya dawo fuskarta, na san ta fahimci wani abu dabam, kuma ba ni da Turancin da zan gyara mata. Ta ce aji ya tafa mini. Na zauna ana tafi, ban san ko na ci ba ne ko na faɗi. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi abin da na sani ba. Kofa ta gama bautar ƙasarta ta koma garinsu, ina jin har yau in ta tuna da ni, yarinyar da uwarta ba ta so take tunawa.

Yanzu ina zaune a Yelwa, ina da 'ya'ya, kuma 'yar farina sunanta nake kira tun daga ƙofar gida har maƙwabta su ji. Ina rungumarta a gaban kowa, muna ɗaukar hoto kumatu a haɗe, babu mai cewa na yi rashin kunya. Matan zamaninmu kusan duk haka muke, kuma ba na cewa mun yi kuskure, don na san nauyin makon da na yi ina leƙen fuska ta cikin hayaƙi. In za mu ƙetara ruwa zuwa gida, nakan riƙe hannunta gam, ina faɗa mata ta zauna, kada ta leƙa, kada ta miƙe, har ta gaji ta ce, "Mama, na ji mana." Ba ta taɓa buƙatar sunkuyawa ta duba komai ba, duk abin da ke raina a kunnenta nake zuba shi. Adda ta rasu shekarun baya, ba mu taɓa yin zancen ranar nan da ita ba, ban kuma taɓa yi mata godiya ba, don da na yi da na ba ta kunya. Wani lokaci a tsakiyar ruwa, in inji yana ruri ina ta surutu a kan yarinyar nan, sai in ji ina marmarin shirun matar da ta ba ni baya. Har yau ba a sake riƙe ni da ƙarfi irin na ran nan ba.